Tsofaffin Queens sun dawo bayan shekara 18: yabon waƙa ake yi ko yabon mamaci?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana goma sha ɗaya da A Tribe Called Quest, tsofaffin mawaƙan gambarar nan na Queens a birnin New York, suka saki sabon kundinsu, We Got It from Here... Thank You 4 Your Service. Na zuba ido in ga wanda zai ɗago maganar a zauren nan, shiru kake ji. To bari ni in buɗe.

Ranar Juma'a 11 ga Nuwamban 2016 ya fito, waƙoƙi 16, kusan awa guda. Rabonsu da kundi tun 1998. Shekaranjiya mujallar Billboard mai jera cinikin waƙoƙi ta sanar cewa shi ne na ɗaya a Amurka, da cinikin da ya kai kimanin 135,000 a makon farko. Rabon su hau wannan matsayi tun 1996, shekara ashirin cif.

Da fargaba na kunna shi. Tsohon mawaƙin gambara in ya dawo, abu biyu muka saba gani: ko ya hau kwaikwayon yara har ya ba ka tausayi, ko ya kawo maka ɗumamen abin da ya dafa shekara ashirin baya. A mota na sa shi, hanyar Kaduna zuwa Zariya. Kafin in kai Mararrabar Jos na san ba ɗumame ba ne. Da muryar Phife, ɗan ƙungiyar da ya rasu, ta shigo a waƙa ta biyu sai da na rage gudu. Wa ya saurara? Ina son jin ra'ayinku, musamman yaranmu.

Ɗan Hotoro:
Wa alaikumus salam Baba. Na saurara sau biyu, kuma da girmamawa zan faɗi abin da ke raina. Kundin ba laifi. Amma wannan yabon da ake ta zubawa, rabinsa ta'aziyya ce. Phife ya rasu a watan Maris, wa zai fito ya ce aikinsa na ƙarshe bai yi ba? Mu ma nan mun sani, ranar da mutum ya kwanta dama kowa shaidar alheri yake masa.

Ga hujjata. De La Soul tsararrakinsu ne, gida ɗaya suka fito, gungun mawaƙan Native Tongues. Su ma sun saki kundi a watan Agustan bana, masoyansu ne ma suka yi musu karo-karo ta Kickstarter. Ko goman farko bai shiga ba. Wa ya buɗe musu muhawara a nan? Bambancin kawai su a lokacin da suka saki nasu ba wanda ya mutu a cikinsu.

Mai Situdiyo Jos:
Ɗan Hotoro, da me ka saurara? Ba da wata manufa na tambaya ba.

Ɗan Hotoro:
Da wayata, Oga. Wani lokaci da iyafis, wani lokaci haka nan.

Mai Situdiyo Jos:
To nan matsalar take, ƙanena. Kiɗan Tribe a ƙasa yake zaune. Tun 1991 sunan kundinsu na biyu ma The Low End Theory ne, wato maganar amon ƙasa mai kauri, har suka ɗauko Ron Carter, babban makaɗin jaz, ya buga musu bes da hannunsa. Spikar waya ba ta iya fito da wannan amon, sai ta bar ka da ƙasusuwa ba nama. Ka nemi spika mai kyau ko motar wani, ka sake ji.

Ni abin da ya ɗaure min kai a matsayina na mai haɗa kiɗa shi ne yadda Q-Tip, ɗan ƙungiyar da ya haɗa kiɗan kundin, ya bar ƙura a jikin sautin. Yanzu mu duk kwamfuta muke bai wa aikin, kowane bugun ganga ya faɗa daidai kan layi, a goge murya tas har ta daina kama da ta mutum. Shi kuwa za ka ji kiɗa ya yanke ba sallama, ka ji murya ta hau kan wata, ka ji numfashi. Gangar We the People daga tsohon faifan Black Sabbath ya tsakuro ta, 'yan kiɗan rok na Ingila. A Solid Wall of Sound ya tsakuro Elton John na da, sannan ya kawo Elton John na yanzu ya ƙarasa waƙar da bakinsa. Jack White ya buga jita. Wannan ba aikin tausayi ba ne, aikin wanda ya kwana a situdiyo ne.

Kuma a situdiyon gidansa da ke New Jersey aka yi shi. Sharaɗin da ya kafa shi ne a zo a zauna tare a yi, ba kowa ya rera nasa baitin a garinsu ya turo ta imel ba. Shi ya sa kake jin suna karɓe wa juna magana a tsakiyar layi. Wanda ya taɓa haɗa waƙar mutum biyu da ba su ga juna ba ya san bambancin, komai gwanintarka sai ɗinkin ya nuna.

Ɗan Hotoro:
Na yarda da batun spika, zan gwada. Amma Oga ba ka amsa maganar De La Soul ba.

Mai Situdiyo Jos:
De La Soul ba su taɓa watsewa ba, suna ta fitar da aiki jefi-jefi. Tribe sun rabu a 1998 da ɓacin rai, duk wanda ya kalli fim ɗin tarihinsu na 2011 ya ga yadda Q-Tip da Phife suka kai ga ba sa ga-maciji. Mutane sun riga sun fid da rai. Ban musa cewa rasuwar ta jawo hankali ba, ta jawo. Rasuwa tana sa mutum ya kunna sau ɗaya. Ba ta sa shi ya maimaita sau goma.

Hajiya ta Bronx:
Salamu alaikum. Ni ba ma'abociyar gambara ba ce, ɗana ne ya sa ni cikin zauren nan don in riƙa karanta Hausa. Amma wannan karon ina da abin cewa, don ku a gida ba ku ga yanayin da kundin ya faɗo a ciki ba.

Ranar Talata 8 ga wata aka yi zaɓe. Laraba da safe na shiga jirgin ƙasa zan tafi aiki, taragon tsit kamar gidan makoki, wata mata kusa da ni tana ta share hawaye. Ni da hijabina ina ta tunanin maganar da Trump ya yi tun Disambar bara, cewa a hana Musulmi shiga ƙasar. A unguwarmu akwai 'yan Ghana, 'yan Nijar, 'yan Gambiya, 'yan Gini, wasu takardunsu ba su kammala ba. A masallaci ranar Juma'a ba wata hira sai wannan.

Daren Juma'ar nan ɗana ya kunna We the People a falo. Ina kicin na ji an ambaci Musulmi, na fito da ludayi a hannu na ce me suke cewa a kanmu? Ya zaunar da ni ya fassara min. Ashe mawaƙin ya ari bakin masu ƙiyayya ne, yana lissafa waɗanda ake cewa su tattara su bar ƙasar: baƙar fata, 'yan Meziko, talakawa, Musulmi da sauran waɗanda ake tsangwama. Ya faɗi abin da muke ji a jikinmu ba mu iya furtawa. Abin mamaki, da muryar marigayin a cikin waƙar, ke nan tun kafin Maris suka hango inda aka dosa.

Washegari Asabar suka fito a shirin talabijin na Saturday Night Live, Dave Chappelle ne ya jagoranci shirin. Da aka zo baitin Phife sai aka sauko da babban ƙyalle mai hotonsa, muryarsa tana fita, sauran suna tsaye a gefe. Ɗana mai shekara 19, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da suke tashe, na ga yana goge ido. Saboda haka yaro na Hotoro, akwai ta'aziyya a ciki, gaskiyarka. Amma ba ta Phife kaɗai ba ce. Mutane da yawa a nan suna cikin wani makokin, sai waƙar ta zo ta same su a zaune.

Ɗan Hotoro:
Allah ya tsare ku Mama, ya kawo muku sauƙi. Wannan ɓangaren ban duba shi haka ba.

Ummu Sadiq:
Amin. Tambaya nake da ita. Da gaske ne akwai Musulmi a cikinsu?

Baban Hanifa:
Da gaske ne. Ali Shaheed Muhammad, mai juya musu faifai, Musulmi ne. Q-Tip ya musulunta a tsakiyar shekarun 1990, sunansa Kamaal Fareed. Tawagar haɗa kiɗan da suka kafa da marigayi J Dilla ma The Ummah suka sa mata suna, ita ta yi kiɗan kundinsu na 1996 da na 1998. Amma kada wannan ya sa ki kunna a gaban yara, akwai ashar a ciki irin ta 'yan gambarar Amurka. Ni ma sai na sauke su a makaranta nake sawa.

Mai Situdiyo Jos:
Tunda an ambaci Ali Shaheed, ga wani abin da zan ba Ɗan Hotoro gaskiya a kai. Hannunsa bai shiga kiɗan wannan kundin sosai ba, yana Los Angeles yana aikin kiɗan shirin Luke Cage tare da Adrian Younge. Kuma Phife ba a kowace waƙa yake ba, rai ya yi halinsa kafin a gama. Don haka akwai wuraren da in ka rufe ido za ka ce kundin Q-Tip ne da abokansa. Busta Rhymes da Consequence ne suka cike gurbi da yawa.

Ɗan Hotoro:
Yauwa, abin da nake son faɗa ke nan. Kundin kashi biyu ne, na farko yana da zafi, na biyu ya yi sanyi. Kanye West an sa sunansa cikin baƙin mawaƙa, ashe ɗan amshi kawai ya yi. Baitin Kendrick Lamar ma ban ƙoshi da shi ba. Ni saboda sunayen nan biyu na kashe datata.

Zinder Tsohon Rappeur:
Sannunku da hira. Ni daga Damagaram nake, shekarata 41. Mu a Nijar ta hanyar Faransa gambara ta zo mana, MC Solaar da IAM, sai Positive Black Soul na Senegal, daga baya namu na gida irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya suka taso a Yamai. Turancin Ingilishi ba mu ji sosai, amma mun san Tribe, saboda kiɗansu ba ya buƙatar tafinta.

Abin da nake so in ce wa ƙanena na Hotoro: ka sayi kundin don Kendrick da Kanye, to ka tambayi kanka me ya kawo su. Kowannensu yana da nasa gidan da nasa kuɗin. Sun zo ne su gaida iyayen gidansu. In ka je gaida babba ba ka zuwa ka fi shi surutu a ɗakinsa. Kuma ka saurari Dis Generation, a nan Q-Tip ya kira sunan Kendrick da J. Cole da Joey Badass da Earl Sweatshirt, ya ce su ne masu riƙe da sana'ar yanzu. Tsofaffin rap da yawa zagin yara suke yi, su ce an lalata abu. Waɗannan sa albarka suka yi.

Mu a ƙasar Hausa ba mu taɓa cewa makaɗi ya tsufa da waƙa ba. Shata yana waƙa har kusan rasuwarsa a 1999, Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa har tsufa, kuma muryar tsufan ma wani daɗi gare ta. Gambara ce aka ɗauka wasan samari, mutum ya kai arba'in a ce ya koma gefe. Ni kaina na ajiye makirufo da na yi aure, don kunyar surukai. Yau ga mutane masu shekara 45 da 46 sun hau na ɗaya, ba su rina gemu ba, ba su ari salon kowa ba. Wannan ya taɓa ni fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ummu Sadiq:
Wai me ya yi ajalin shi marigayin? Na ga an ce shekararsa 45 kacal.

Sista Mai Jinya:
Ciwon sukari ne. Tun 1990 aka gano yana da shi, yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka, kuma bai ɓoye ba, har a waƙa yana ambata. Ya taɓa masa ƙoda, a 2008 matarsa ta ba shi tata guda aka dasa masa. Daga baya ya koma wankin ƙoda. Ranar 22 ga Maris ya rasu a Kalifoniya.

Ina so ku fahimci me ake nufi da mutum ya yi wannan aiki yana kan wankin ƙoda, don ni kullum ina tare da irinsu. Sau uku a mako, kusan awa huɗu kowane zama, jininka yana fita ta tiyo ya zaga inji ya dawo. In aka sauke mutum wani ko tsayuwa ba ya iya yi sai an riƙe shi, ruwan sha ma aune ake ba shi. A haka wannan bawan Allah yake hawa jirgi daga wannan gefen Amurka zuwa wancan don ya shiga situdiyo. Na saurari baitocinsa ina neman alamar gajiya a muryar, ban ji ba. Don Allah duk wanda ke yawan jin ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ko yana ramewa ba dalili, ya je a auna masa sukari. Ɗan tsini ne a yatsa, minti ɗaya.

Baban Hanifa:
Sista kin taɓo min inda ke ciwo. Ban yi niyyar faɗa ba, amma tunda an zo wurin.

Yayana ne ya sanar da ni Tribe. A 1994 ya dawo daga Legas da kaset ɗin Midnight Marauders, wanda bangonsa ke cike da fuskokin mawaƙa kowa da abin sauraro a kunne. Ɗakinmu ɗaya a soron gida. Rikoda ce mai cin batir shida, in batir ya yi sanyi sai muryoyin su riƙa jan ƙafa, mu fito da su mu shanya a rana. Wata rana rikodar ta tauna zaren. Ina gani Yaya ya kwance kaset ɗin da bakin wuƙa, ya yanke inda ya tauye, ya haɗa da jan farcen ƙanwarmu, ya sa biro ya naɗe. Daga ranar kullum in an zo wurin sai waƙar ta yi tsalle, layi ɗaya na Phife ya ɓace. Sai da na girma na ji ta a intanet kafin na san abin da ya faɗa a wurin, kuma har yau kunnena tsallen yake jira.

Shi Yaya kullum shi ne Phife, ni ne Q-Tip. Shi gajere ne mai son ƙwallo kamar shi, ga barkwanci. In suna karɓa-karɓa mu ma muna yi, ko rabin Turancin ba mu ji. Sukari ya kama shi yana da talatin da 'yan kai, bai ɗauke shi da muhimmanci ba, sai da ƙafa ta fara kumbura. Mun sayar da filinsa mun yi wankin ƙoda wata bakwai. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa.

Saboda haka Ɗan Hotoro, da ka ce ta'aziyya ce, na yi shiru na tambayi kaina ko ni ma Yaya nake yi wa kuka ba waƙar nake ji ba. Na kwana biyu ina auna wannan. Abin da na samu shi ne, waƙar da suka yi ta makoki zalla, Lost Somebody, sau ɗaya na iya jin ta, ban sake ba. Waɗanda nake maimaitawa su ne waɗanda Phife yake raye a cikinsu, yana cika baki, yana juya harshe irin na mutanen Tirinidad, asalin iyayensa, shi da Busta suna ja-in-ja. Da tausayi ne ya riƙe ni, da ta makokin zan fi kunnawa.

Hajiya ta Bronx:
Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Zinder Tsohon Rappeur:
Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙuri.

Ɗan Hotoro:
Allah ya jiƙansa Baba. Ka yafe ni in maganata ta sosa maka rai, wallahi ban sani ba.

Baban Hanifa:
Ba ka yi laifin komai ba ɗana, tambaya ce mai kyau, kuma ni na nemi ra'ayinku. Ka ci gaba da faɗin abin da ka ji.

Mai Situdiyo Jos:
Amin ya Allah. Akwai mutum ɗaya da ba mu yi wa adalci ba a hirar nan, Jarobi. Bayan kundin farko na 1990 ya bar su ya tafi koyon girki, ya zama kuku, shekara da shekaru sunansa kawai ake ji. A wannan kundin ya fito yana zuba baiti kamar bai taɓa barin fagen ba. Waƙar farko ma, The Space Program, ku ji yadda yake bin Q-Tip ƙafa da ƙafa. Ni shi ne ya fi ba ni mamaki.

Wani abu kuma, na ga wasu a Facebook suna cewa waƙar ƙarshe, The Donald, zagin Trump ce. Ba haka ba ne. Kirari ne ga Phife, ɗaya daga cikin laƙabobinsa Don Juice ne. Sunan kundin ma shi ya zaɓa kafin ya rasu, sauran suka bar shi yadda ya faɗa.

Ɗan Hotoro:
Na dawo. Jiya da daddare na roƙi yayan abokina ya bar mu a motarsa, muka rufe gilashi muka ji daga farko har ƙarshe. Oga Mai Situdiyo, gaskiyarka ce a kan bes ɗin, har a ƙirji nake jin sa, kamar wani kundin daban. Kids, wadda Q-Tip ya yi da André 3000, sau uku muka mayar da ita.

Amma ina nan kan bakana a abu biyu. Kashi na biyu bai kai na farko ba, da sun rage waƙa uku da ya fi ƙarfi. Kuma har yanzu ina ganin ba don rasuwar da zaɓen ba, da bai hau na ɗaya ba, ko da ya cancanta. Baba, a cikin tsofaffin wanne zan fara da shi?

Baban Hanifa:
Fara da na 1993, Midnight Marauders, sannan ka koma na 1991. In ka shigo Kaduna ka neme ni, kaset ɗin Yaya yana nan a akwatina da tabon jan farcen, sai dai rikodar ce babu.

Hajiya ta Bronx:
Ranar Asabar da ta wuce, 19 ga wata, aka raɗa wa mahaɗar Linden Boulevard da titi na 192 a St. Albans da ke Queens sunan marigayin, unguwar da suka tashi shi da Q-Tip. Ɗana ya je, ya ce tsofaffi da yara sun cika wurin duk da sanyi. Wannan Asabar ɗin ba ni da aiki, ya ce zai kai ni. Baban Hanifa, zan ɗauko maka hoton allon in turo nan.